Zakarun Don Eladio

Tun kafin ɗan acaɓan ya gama tsayawa Dilcia ta san ba lafiya. Gidansu gida ne da ake jiyowa tun daga kan gada saboda carar zakarun mahaifinta, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka har rana ta faɗi. Yau kuwa sai jefi-jefi, ita ma carar a shaƙe take fita.

Mahaifiyarta Doña Nurys ce ta kira ta da sassafe, tana shirin shiga ajin tiyata a makarantar koyon likitancin dabbobi ta birnin Santiago, inda take shekararta ta ƙarshe. Ba ta yi mata wani bayani ba. "Ki taho gida yanzu," kawai ta ce, ta kashe wayar.

A gindin mangwaro ta tarar da mahaifinta Don Eladio, zaune a kan kujerar katako, hularsa a kan gwiwa. An shimfiɗa buhu a gabansa, an jera matattun zakaru a kai. Yayanta Fausto na tsaye a bayansa ya harɗe hannuwa.

"Papi, a sa mini albarka," ta ce, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

Bai amsa ba. Tunda take a duniya bai taɓa hana ta wannan amsar ba.

"Ranar Lahadi," ya ce, idonsa a kan buhun, "ni da Fausto muna dandalin faɗan zakaru. Uwarki tana coci. Ke da kika zo hutun ƙarshen mako, ke kaɗai aka bari. Wa ya shigo mini gida?"



"Papi..."

"Suna na tambaye ki."

"Amauris ne," ta ce a hankali.

Fausto ya yi tsaki ya tofar da yawu. "Kun ji ko? Ɗan Porfirio! A cikin akurkinmu!"

Duk ƙauyen ba wanda bai san abin da ke tsakanin Don Eladio da Don Porfirio ba. Tun Dilcia ba ta yi haƙora ba suka daina gaisawa, daga ranar da Don Eladio ya miƙe a tsakiyar dandali ya ce Don Porfirio ya shafa wa gashin zakaransa wani abu mai makantar da abokin karawa. Sai ga shi Allah ya haɗa 'ya'yansu a aji ɗaya, a kan teburin feɗe dabbobi ɗaya. Da Amauris ya aiko neman izinin zuwa zance a Kirsimetin bara, Don Eladio cewa ya yi gara ya ga 'yarsa ta tsufa a ɗakin uwarta.

"Ya taɓa su?" Don Eladio ya tambaya.

Ya ƙara matsa mata.

"Dilcia, ya taɓa Candela?"

Candela shi ne jan zakaran da ba a taɓa kayarwa ba, wanda Don Eladio ke ba gwaiduwar ƙwai da hannunsa, yake fesa masa giyar rake a cinyoyi da bakinsa kowace safiya. Shi za a kai babbar karawar bikin waliyyin gari a ƙarshen wata.

"Ya ɗauke shi," ta ce. "Amma Papi, kallonsa kawai ya yi. Ɗalibi ne kamar ni, duk dabbar da muka gani..."

"Candela bai ci masara ba tun jiya," ya katse ta. Sai yanzu ya ɗago ya dube ta, idanunsa sun yi ja. "Na tura ki karatu don ki riƙa ceto mini dabbobi. Ashe ƙofa kika koyo buɗe wa mai guba."

Doña Nurys ta ja hannunta zuwa kicin kafin maganar ta yi nisa. Ta tura mata kwanon kirɓaɓɓiyar ayaba da soyayyar albasa, ta zuba mata kofi, amma ko kallonsu Dilcia ba ta yi ba.

"Mami, ba guba ba ce dole. Kin ga kashinsu? Kore ne. Sau nawa na roƙi Papi a yi musu rigakafi ya ce allura na kashe wa zakara zuciya?"

"Rufe mini baki da rigakafi. Shekara da shekaru yana kiwonsu ba allura, me ya same su? Sai da yaron nan ya tako gidan." Ta sassauta murya ta zauna kusa da ita. "Ke yarinya ce, 'yata. Namiji zai iya yi miki kuka da hawaye alhali aiken ubansa yake yi. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa duk 'yan matan makarantar nan sai 'yar Eladio ya gani?"

"Mami!"

"Tambaya na yi. Ga Radamés nan, mutum da shagonsa, da motarsa, ba ya shan komai sai a biki. Shi ya ga babur ɗin yaron a ɓoye cikin gonar koko ranar Lahadi. Da bai faɗa ba da har yanzu muna cikin duhu."

Kamar jira yake a ambace shi, sai ga ƙarar jif a ƙofar gida. Radamés ke nan, mai shagon abincin kaji da magungunan dabbobi a garin Moca. Ya shigo da sarƙar zinariya a wuya, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa kicin.

"Doña Nurys, ya muka ji da wannan abu? A'a, Dakta da kanta! Sannu da hanya, Dakta."

"Ban zama dakta ba tukuna," ta ce ba tare da ta dube shi ba.

"A wurina kin zama. Allon shago ma na ce a bar wurin sunanki." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ni fa ba don in ɓata kowa na yi magana ba. Abin da idona ya gani na faɗa."

"Me ya kawo ka bayan gonarmu ranar Lahadi, Radamés? Shagonka a rufe yake ran Lahadi, kuma hanyar ba ta zuwa ko'ina."

Murmushinsa ya ɗan tsaya, sannan ya dawo. "Iska na fito sha."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan takalmansa. Mutumin nan gida-gida yake bi yana sauke buhunan dusa, ya fita daga wannan akurki ya shiga wancan. In ciwo ne, tayar motarsa ma ta isa ta kawo shi. Ta so ƙwarai a ce shi ne. Amma zuciyarta ta ƙi zama a kansa, sai komawa take yi kan ranar Lahadi.

Amauris ya zo mata da alawar madara a takarda. Bai ko zauna kirki ba ya ce ta nuna masa Candela. Ya buɗe bakin zakaran ya leƙa maƙogwaronsa, ya ɗaga fatar idonsa, ya kara shi a kunne yana sauraron numfashi. Har ta yi masa tsiya ta ce ko jarrabawar Litinin ce ta biyo shi ƙauye. Bai yi dariya ba. Daga nan ya tafi famfo ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya sake wankewa, ya sake. A lokacin ba ta kawo komai a ranta ba. Yanzu kuwa wankin hannun nan ya tsaya mata a wuya.

Ta miƙe. "Mami, zan je kantin magani in sayo safar hannu."

Radamés ya zabura. "Muje in kai ki."

"Ƙafata lafiya lau."

Ba kantin magani ta nufa ba. Tana shan kwana ta kira Amauris ta ce ya same ta a bakin rafi, inda mata ke wanki da. Rana ta take sosai lokacin da ya iso. Ya jingine babur ɗin, ya taho da saurinsa zai riƙe hannunta, ta ja da baya.

"Tsaya daga nan."

"Dilcia, me ya faru? An ce kin bar makaranta ko jaka ba ki rufe ba."

"Zakarun Papi na mutuwa."

Ta zuba masa ido don ta ga abin da fuskarsa za ta yi. Bai yi mamaki ba. Runtse ido kawai ya yi, ya sauke numfashi kamar wanda aka gaya wa abin da ya daɗe yana jira.

"Ka sani," ta ce. "Wayyo Allah, ka sani!"

"Ba yadda kike zato ba ne."

"To yaya ne? Me ka je nema a bakin Candela? Me ka wanke daga hannunka har sau ba adadi? An ce guba ka ba su, Amauris. Na tsaya a gaban ubana na kare ka. Ka gaya mini ban yi wauta ba."

"Guba? Ni?" ya ce. "Ni da na kwana ina ba ɗan kwikwiyon titi ruwa a sirinji, kina gani? Ni zan ba dabba guba?"

"Ba tarihi na tambaye ka ba."

Ya zauna a kan dutse ya dafe kai. Da ya yi magana, da ƙyar take jin sa saboda ƙarar ruwa.

"Namu ne suka fara. Tun makon da ya wuce. Wuyansu ya murɗe, su yi ta haki, su mutu. Papá yana binne su a bayan gida da kansa, ya ce duk wanda ya fitar da maganar ba shi ba shi. Kin san abin da hukuma ke yi in ta ji. Ba za su bar ko ɗan tsako ba."

Hawaye suka zubo mata ba ta ma sani ba. "Annoba ce a gidanku, ka san annoba ce, ka taso ka shigo akurkin ubana?"

"Na zo in duba ko ta iso ku ne! Na zo in gaya miki!"

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga lafiyarsu ƙalau. Na gan ki kina dariya. Na ce a raina in na buɗe baki, dole ki gaya wa Don Eladio, shi kuma ya kai ƙarar Papá, shi ke nan ni da ke an gama. Sai na kasa. Tsoro na ji, Dilcia. Ban da wannan ba ni da wani laifi."

"Da wane takalmi ka zo?"

"Na canza kaya. Na yi wanka, na sa sababbin kaya."

"Takalmi na ce."

"Ina jin... na canza. Na tabbata na canza."

"Kana ji, ko ka tabbata?"

"Dilcia, don Allah..."

"Malama guda ta koyar da mu, a aji guda. Ta ce takalmi ya fi hannu ɗaukar ciwo, har ta sa mu maimaita kamar 'yan firamare. Kai ka fi kowa maki a wannan darasin. Yanzu kake so in yarda ka manta?"

Ta yi ƙoƙarin tuno ƙafafunsa a ranar. Fararen takalman makaranta ne, ko baƙaƙen roba na gona? Fuskarsa take gani, da alawar, da hannunsa cikin kumfa. Ƙafafun sun ƙi zuwa.

"Ba lallai ni ba ne," ya ce da sauri. "Ki yi tunani. Zakarun Papá sun je dandali kafin su fara ciwo, na Don Eladio ma suna can, keji kusa da keji. Radamés kuma yana sauke mana dusa, ya wuce gidanku da motar nan. Ta ko'ina za ta iya shigowa."

"Na sani. Duk na lissafa." Ta share ido da bayan hannu. "Amma akwai wadda ba ka faɗa ba. Karawar biki saura kaɗan. Ubanka ba shi da zakaran da zai kai. Kana ganin zai iya zama ya kalli Candela ya ci a gaban duk gari?"

Ya miƙe tsaye a hankali, fuskarsa ta canza. "Kina nufin aiko ni aka yi."

"Ya san za ka zo wurina ranar?"

Ya kau da kai.

"Amauris, ya sani?"

"Ya gan ni zan fita. Ya tambaye ni, na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Mutumin da ya rantse zai karya maka ƙafa in ka sake taka hanyar gidanmu? Ranar nan kaɗai bai ce komai ba?"

Ta ga maganar ta shige shi kamar wuƙa. Ya tsaya yana kallon ruwa, leɓensa na motsi ba sauti. Ko dai yanzu ne abin ya faɗo masa, ko kuma ya iya wasa fiye da yadda ta taɓa zato. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta kasa bambancewa. Shekarun nan duka tana ganin ko ƙiftawar idonsa ta san ma'anarta.

"Na rantse da kabarin mahaifiyata," ya ce, hawaye na bin kumatunsa, "ban shigo gidanku da nufin cuta ba. In kin daina sona, ki daina. Amma kar ki tafi da wannan zaton."

"Da na daina sonka da ban zo nan ba. Da na bar Fausto ya zo."

"Ki ba ni zuwa gobe. Zan shawo kan Papá mu kai rahoto da kanmu. Kar ki ambaci gidanmu, Dilcia. In Don Eladio ya ji daga bakinki, ba hukuma zai kira ba, adda zai ɗauka."

Ya miƙo hannu. Ta dubi hannun, ta tuna inda za ta koma da irin tsuntsayen da za ta taɓa.

"Kar ka taɓa ni," ta ce. "Ban san inda hannunka ya shiga yau ba."

Ta juya ta tafi tana kuka, ba ta waiwaya ba ko da ya kira sunanta.

Ta biya kantin magani ta sayi safar hannun, don kar ta koma hannu rabbana. Tun daga gada ta jiyo muryar Fausto. Da ta shiga, maƙwabta sun cika tsakar gida, mazan sun cire huluna kamar gidan makoki. Don Eladio na durƙushe a ƙasa, Candela a hannunsa, wuyan ya lanƙwashe baya, jan gashin nan mai sheƙi ya yi buzu-buzu. Fausto na wasa adda a kan dutse.

"Yau sai na ga ƙarshen Porfirio da ɗansa!" yake cewa. "Ku sake ni!" Alhali ba wanda ya riƙe shi.

Don Eladio ya miƙe da ƙyar. Ya taka har gaban Dilcia ya ɗora mata zakaran a hannu. Da sauran ɗumi a jikinsa.

"An ce a makarantarku kuna buɗe mushe ku faɗi abin da ya kashe shi."

"Eh, Papi."

"To buɗe shi. Nan, a gaban kowa. In guba ce ki ce guba ce. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Aka jawo teburin da ake buga wasan domino a kai, Doña Nurys ta shimfiɗa leda, ta kawo almakashi da wuƙar kicin. Dilcia na sa safar hannu sai ta ji turaren Radamés a bayan kunnenta.

"Dakta," ya ce ƙasa-ƙasa, yana yi kamar gyara ledar yake. "Ni ma na san kaji. Na ga kashin nan. Ki yi tunani kafin ki yi magana. In kika ce ciwo, gobe ma'aikatan hukuma masu fararen kaya za su zo su ƙone komai, har kajin Mamanki. Jinin zakarun da kakanki ya bari ya ƙare ke nan, kuma da bakinki. Tsohon nan ba zai kai Kirsimeti ba."

"In na ce guba fa?"

"Magana ta tsaya a gida. Ni zan riƙe Fausto, ba wanda zai zubar da jini. Waɗanda suka rage in kwashe su zuwa gonata a ɓoye. Yaron kawai za ki rasa, shi kuwa dama kin rasa shi."

"Ka damu ƙwarai kar hukuma ta zo," ta ce ba ta juyo ba. "Tsoron me kake ji, su bi sawun motarka?"

Ya ja da baya, yana murza sarƙarsa.

Ta kwantar da Candela a kan bayansa. Ta tuna yadda malamarsu ke cewa a fara da numfashi kafin wuƙa. Ta ja numfashi, ta yanka fatar, ta ɗaga ƙirjin. Tsakar gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar almakashi da hakin wani zakara daga cikin akurki.

Ta tsaga maƙogwaron. Ya yi jajur, cike da majina. Ta gangara zuwa 'yar jakar da ke gaban ƙundu ta buɗe ta. Ga su nan, ɗige-ɗigen jini a jere kamar an yayyafa barkono. Ta bi hanjin, ta sami gyambunan a inda littafi ya ce za a same su. Ta buɗe ƙundun ta shinshina, ta baza abin da ke ciki. 'Yar masara ce da tsakuwa, ba wani abu.

Ta daɗe tana kallon abin da ke gabanta, fiye da yadda aikin ke bukata. Ta ɗago ta dubi addar Fausto. Ta dubi kejunan da ke jere a ƙarƙashin rumfa, kowanne da sunan da mahaifinta ya rubuta da fenti. Ta dubi mahaifiyarta, wadda ke girgiza mata kai a hankali, ba ta ma san me take roƙo ba.

"To?" in ji Don Eladio.

"Ba guba ba ce, Papi."

Hayaniya ta tashi. Fausto ya daka tsalle. "Ƙarya take! Saurayinta take karewa!"

"Zo ka gani da idonka!" ta daka masa tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Zo! Ka ga wannan jinin? Annobar kaji ce, mai murɗe wuya. Sai an kai ɗakin gwaji za a sa hannu a takarda, amma na san abin da nake gani. Duk wanda ke tsaye a nan, kar ya shiga akurkinsa da takalmin da ke ƙafarsa. Ku wanke su kafin ku fita."

Maƙwabta suka fara duban ƙafafunsu, wasu suka ja da baya.

Ta juya ga mahaifinta. "Papi, dole a sanar da hukuma. In ba a yi ba, kafin biki ba sauran kaza a ƙauyen nan. In kai ba za ka kira ba, ni zan kira. Ka yafe mini."

Doña Nurys ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Don Eladio bai motsa ba. Ya dubi kejunan ɗaya bayan ɗaya, kamar yana sallama da su. Dilcia ta jira mari, ko ya ce ta fita masa daga gida. Da ya yi hakan da ya fi mata sauƙi.

"Na yarda," ya ce daga ƙarshe, a sanyaye. "Ba ki taɓa yi mini ƙarya a kan dabba ba. Ciwo ne." Ya matso dab da ita. "Amma ciwo ba ya tsirowa daga ƙasa. Ke kika sha gaya mini, ɗauko shi ake yi. To gidan wa ya fara?"



"Ta ko'ina zai iya zuwa, Papi. Dandali, ko motar dusa..."

"A'a, a'a, a bar motata a ciki!" Radamés ya yi caraf.

Don Eladio ko kallonsa bai yi ba. "Kantin magani ba shi da nisan da kika yi. Ga laka a ƙafarki, irin ta bakin rafi. Kin ga ɗan Porfirio. Ya gaya miki wani abu. Dube ni, Dilcia. Gidan wa ya fara?"

Ta dube shi. Hawaye suka hana ta ganin fuskarsa sosai. In ta faɗa, ta san inda addar nan za ta. In ta yi shiru, ta rufa asirin mutumin da ita kanta ba ta san ko da gangan ya yi ba. Ta buɗe baki, ba ta san wace kalma za ta fito ba.

"Kai! Ku duba can!" wata maƙwabciya ta yi ihu.

Kowa ya juya. Daga bayan tudu, ta wajen gidan Don Porfirio, baƙin hayaƙi ne ke tashi, mai kauri, ya miƙe sama. Ba a daɗe ba iska ta kawo warin. Ba wanda ya tambayi ko mene ne, duk wanda ya taɓa babbake kaza ya san ƙaurin gashinta. Sai dai wannan ba na kaza ɗaya ba ne, ba na goma ba.

"Porfirio na ƙona zakarunsa," wani tsoho ya ce a hankali.

Dilcia ta zuba wa hayaƙin ido. Amauris ne ya cinna wutar don ya nuna mata gaskiyarsa? Ko shi da ubansa ne ke ƙone shaida kafin hukuma ta iso, tunda ita da bakinta ta sanar da shi asiri ya kusa tonuwa?

Don Eladio ya daɗe yana kallon hayaƙin. Sannan ya juyo ya dube ta, kallon da ya gaya mata ba ya bukatar amsarta kuma. Ya ɗauki hularsa ya kafa.

"Fausto, tayar da babur."

"Papi, don Allah!" Ta cafke hannun rigarsa da safar da ke jiƙe da jinin Candela. "Papi, kar ka je!"

Ya dubi jinin da ta shafa masa, ya cire yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ni kaɗai zan je ba," ya ce. "Hau. A gabanki zan tambayi yaron."